Kocinmu na Kwaleji Ya Rasu: Me Ya Sa Abin Ya Taɓa Mu Haka, Me Kuma Za Mu Yi Masa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Agege ya ce kocin da ya horar da su guje-guje, lokacin da suke wata kwalejin kimiyya da fasaha a nan Legas, ya rasu. Kocin Bayarabe ne, Musulmi, ya rasu yana bakin aiki, ya bar mata da 'ya'ya. A cikin waɗanda ya horar babu wanda wasa ya zame masa sana'a: wasu suna kasuwar Mile 12, wasu suna fiton kaya a tashar Apapa, wasu ma'aikatan banki ne, wasu sun koma Arewa. Duk da haka rasuwar ta girgiza su fiye da ta malaman da suka koyar da su a aji. Abu biyu ya ce ba ya mantawa: kocin yakan cika masa kuɗin mota idan ya yanke, kuma da azumi yakan mai da atisayensu dab da magariba. Yanzu kansu ya rabu. Wasu na son a shirya gasa da sunansa, wasu sun ce sadaka da addu'a sun wadatar, wasu kuma a kafa allon tunawa mai sunansa a filin makaranta. Me ya sa mutumin ya zauna musu a rai haka, kuma wanne ya fi dacewa su yi?

Amsa: Ƙanena, Allah ya jiƙansa da rahama, ya kyauta makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, ku ma ya ba ku. Aikin da ya yi shi ne aikin da na ci abinci da shi har na ajiye usur, wato koyar da motsa jiki da horar da 'yan tsere a makarantun gaba da sakandare a nan Ikko. Na raka abokan aiki zuwa makwancinsu, na kuma ga abin da ɗalibansu suka yi bayan an watse daga zaman makoki, mai ɗorewa da marar ɗorewa. Da wannan idon zan amsa maka.

Kada ka zargi kanka don mutuwarsa ta fi taɓa ka a kan ta malamin da ya koya maka lissafin kuɗi ko zanen gini. Fara duba lokaci. Malamin aji yana ganinka sau ɗaya ko biyu a mako, kana ɗaya daga cikin ɗaruruwan kawuna a ɗakin lacca, sau da yawa lambarka ya sani ba sunanka ba, zango ɗaya ko biyu kun rabu. Koci kuwa kusan kullum kuna tare, da asuba ko bayan la'asar, daga shigarka makaranta har fitarka. A Amurka, inda wasannin jami'o'i suka zama babbar harka, sai da hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in ta iyakance atisaye da wasa a kan awa 20 a mako, awa 4 a rana, lokacin kakar wasa, don kada fili ya cinye karatu. Mu ba mu cika kaiwa haka ba, amma duk wanda aka taɓa zaɓa zuwa gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, wadda aka fara tun 1966 a Ibadan, ko NIPOGA ta kwalejojin fasaha irin taku, ya san zaman sansani: ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, mota ɗaya daga Legas har Arewa ko Gabas, koci na kujerar gaba yana ƙirga kawuna duk inda aka tsaya.

Abin da ya fi lokaci nauyi shi ne halin da yake ganinka a ciki. Mu Hausawa an rene mu a kan ɓoye rauni. Namiji ba ya kuka a gaban mutane, ba ya cewa yana jin yunwa. Fili bai san wannan ba. Duk wanda ya yi tseren mita 400 ya san yadda mita 100 na ƙarshe suke: cinyoyi sun ƙi ɗaguwa, ƙirji na zafi, kana jin takun na bayanka yana matsowa, ka ƙetare layi ka zube a kan ciyawa, wani lokaci har da amai. Koci yana tsaye a nan da agogo a hannu. Ya ga ranar da aka wuce ka a gaban jama'a ka zagaya bayan mota kana goge ido. Ya san ka zo ba ka karya ba tun kafin ka buɗe baki, daga bushewar leɓenka da yadda gwiwarka ta kasa tashi a zagaye na uku. Mutumin da ya ga wannan duka bai tona maka asiri ba, bai rage maka daraja ba, washegari ya ce ka koma layi, ba zai taɓa zama kamar sauran mutane a wurinka ba. Ƙara da shekarun da kuke ciki a lokacin, shekarun da saurayi ya fara nisa da idon mahaifinsa yana neman wani babba da zai gaya masa ko ya isa ko da saura. Ga ɗan Hausawa da ya tashi a Agege ko Idi-Araba ya shiga makarantar da 'yan yarensa ba su da yawa, inda wasu "aboki" kawai suke kiransa, samun babban mutum da zai kira sunansa na yanka daidai, ya san yana azumi ya gyara jadawali dominsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan matsar da atisaye da ya yi muku kuwa, ba tausayi ne kawai ba, sanin aiki ne. Zafin Legas mai danshi ne, gumi ba ya bushewa da wuri, jiki yana ta zubar da ruwa ba tare da ya huce ba. Mai azumin da aka sa gudu mai tsanani da hantsi zai wuni da ƙarancin ruwa a jiki, babu hanyar mayarwa. Idan aka ajiye aikin zuwa sa'a ta ƙarshe kafin faɗuwar rana, yana gamawa yana shan ruwa, ya ci abin da zai mayar masa da ƙarfi. Kocinku ya san jiki, ya girmama ibada, bai sa ku zaɓi ɗaya ku bar ɗaya ba.

Ka kuma sani abin ba ta gefe ɗaya ba ne, mu ma muna ɗauke da ku. Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na jami'ar North Carolina wanda ya horar da Michael Jordan, da ya rasu a 2015 aka tarar ya bar wasiyya a aika wa tsofaffin 'yan wasansa kusan 180 dala 200 kowannensu, su je su ci abinci. Taurarin da 'yan benci duk ɗaya ya ba su.

Sai kuma yadda koyarwar koci take shiga mutum. Abin da aka haddace don jarrabawa yana iya zubewa bayan wata uku. Abin da aka maimaita da jiki sau dubbai ba ya zubewa. John Wooden, kocin ƙwallon kwando na jami'ar UCLA, ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975, amma labarin da tsofaffin 'yan wasansa suka fi bayarwa shi ne na ranar farko ta atisaye. Yakan zaunar da samarin da duk ƙasar ke ribibinsu ya koya musu yadda ake sa safa: a ja ta sosai, a shafe duk wata tattarewa a dunduniya da wajen yatsu, sannan a ɗaure igiyar takalmi da kyau. Dalilinsa a fili yake. Tattarewar safa tana kawo bororo, bororo yana hana atisaye, rashin atisaye yana kayar da ƙungiya. Kareem Abdul-Jabbar, shahararren ɗan ƙwallon kwando, yana cikin waɗanda aka zaunar aka koya wa wannan, kuma zumuncinsa da Wooden bai yanke ba har tsohon ya rasu a 2010 yana da shekara 99.

Na ga irin wannan da idona a Mile 12. Na je gaishe da wani tsohon ɗalibina mai harkar tumatir da tattasai, na tarar mota ta iso daga Arewa. Kafin a taɓa kwando ɗaya sai ya ja wani sabon yaro gefe, ya ce masa ya matso da kayan jikinsa, ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe baya, ya tashi da ƙarfin cinya, kada ya sunkuya ya fizgo da ƙugu. Ya sa shi ya gwada da kwandon da babu komai ciki kafin ya bar shi ya ɗauki mai kaya. Maganar ɗakin ɗaga ƙarfe ce tsaf, ta fito kasuwa tana kare bayan yaron da bai taɓa shiga filin wasa ba.

Shi ya sa cewa babu wanda ya zama ƙwararre a cikinku bai rage wa kocinku komai ba. Ko a Amurka, da duk kuɗinsu da kayan aikinsu, alƙaluman NCAA sun nuna ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ke zama ƙwararru. Sauran duk ofis da kasuwa da aji suke tafiya. Mafi yawan aikin kocin makaranta a nan yake fitowa: a wanda ya saba isa wuri kafin lokaci, da wanda aka kayar jiya ya sake fitowa yau.

Koyarwar tana kuma da silsila, tana kaiwa inda mai ita bai taɓa zuwa ba. Bud Winter ya horar da 'yan gudu a jami'ar San Jose da ke Kalifoniya, kuma an san shi da hana ɗan tsere ɗaure jiki: a saki muƙamuƙi, a saki hannu, domin tsokar da ta ɗaure tana cin ƙarfin da ya kamata ya tafi ƙafa. A hannunsa Tommie Smith da John Carlos da Lee Evans suka fito. Evans ya ci zinare a mita 400 a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko da daƙiƙa 43.86, bajintar da ta kusa shekara 20 ba a karya ba. Ya zo Najeriya yana horar da 'yan gudu tun shekarun 1970, ya yi ta komowa, kuma a nan Legas ya rasu a 2021. Waɗanda suka bi ta hannunsa sun zama kociyoyi su ma. Kai ma, idan ka natsu, za ka ji muryar kocinku a bakinka lokacin da kake yi wa ɗanka faɗa.

Akwai wata alama ta kocin kirki da ba a cika faɗa ba: ya san iyakarsa, ya tura ka gaba. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, gola ya fara yi a ƙwallon ƙafa, ya yi ƙwallon hannu, kafin ya shiga ƙwallon kwando a makare. Da ya isa jami'ar Houston, hannun koci Guy Lewis, bai samu wasa sosai ba da farko. Da ya nemi shawara, sai masu horarwar suka tura shi ya riƙa gwabzawa lokacin hutu da Moses Malone, gwanin NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, da ke zaune a garin. Daga nan wasansa ya canja. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, ya ci kofi a 1994 da 1995, yana kuma buga wasa da azumi a bakinsa idan Ramadan ya zo. Ku tambayi junanku, ba za ku rasa wanda kocinku ya rubuta wa takarda zuwa wani wuri ba, ko wanda ya ce wa ya rage tsere ya riƙe karatu domin a nan rabonsa yake.

Kafin mu zo kan abin yi, akwai maganar da ya kamata babba ya faɗa. A cikinku akwai waɗanda suka yi shiru, kuma ba duk shirun ne na alhini ba. Koci mutum ne mai iko, shi ke zaɓen wanda zai tafi gasa da wanda zai zauna. Wani an bar shi a gida yana ganin ya cancanta, wani an yi masa tsawa a bainar jama'a, wani an sa shi gudu a kan targaɗe har yau idon ƙafarsa na tuna masa idan damina ta kama. A da ana hana ruwa a matsayin horo, ana ɗaukar ɗingishi ragwantaka. Wannan kuskure ne, kuma ba ya cikin abin da za a gada. Addini ya hana mu zagin matattu, don haka ba zaman tone-tone nake nufi ba. Ina nufin kada a tilasta wa kowa yabon da bai ji a ransa ba, kuma wanda ke da wani abu a zuciya a same shi a keɓe a roƙe shi ya yafe. Idan akwai maganar kuɗi, alawus ɗin wata gasa da bai iso hannun wani ba, ko rance, ku biya a madadinsa a asirce. Mamaci ya fi bukatar wannan a kan kofi mai sunansa.

To me za ku yi? Ku fara da gidansa, tun matarsa tana takaba. Kocin makaranta a ƙasar nan ba mai kuɗi ba ne. Kuɗin motar da yake cika maka, daga albashin da gida ke jira yake fitowa. Ku zauna da babban ɗansa ko ɗan'uwansa ku tambayi abin da ya fi matsa musu, haya ce, kuɗin makarantar yara ne, ko takardu. A takardun nan za ku fi amfani, tunda akwai ma'aikatan banki a cikinku. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya taru a asusun fanshonsa. Amma kuɗin ba sa zuwa da ƙafarsu. Ana bukatar shaidar mutuwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu idan bai bar wasiyya ba, da takarda daga wurin aikinsa, sannan a yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Matar da ke zaman wata 4 da kwana 10 ba za ta iya wannan ba, kuma a nan iyalai da yawa suke gajiya su bari. Ku ware mutum biyu masu sanin takarda da haƙurin layi su riƙe maganar har kuɗin su shiga hannun magada. Idan makarantar ta jiha ce, tsarin fansho na Jihar Legas za a bi; ko ta wace ce, ofishin ma'aikata na makarantar ne ƙofar farko.

Addu'a da sadaka ba abin jayayya ba ne, kowa ya yi gwargwadon hali. 'Yan'uwanmu Yarbawa Musulmi sukan yi taron addu'a na kwana 8, wasu har da na 40. Wanda zai halarta ya bi tsarin gidan, kada ku kai musu naku.

Gasa kuwa, a ra'ayina kada ku fara da ita. Na ga irinta da yawa, wutar kara ce. Shekarar farko zuciya na da zafi, kowa ya ba da kuɗi, a kama fili, a biya alƙalai, a ɗinka riguna, a kafa rumfa, a gayyaci manya. Shekara ta biyu mutum uku ne ke ɗauke da nauyin. Ta uku sai a ce a ɗage zuwa bayan Sallah, shi ke nan. Kuɗin yini ɗaya irin wannan zai riƙe 'yan wasa da dama shekara guda. Idan kuna son sunansa ya riƙa fita a lasifika, ku je wurin daraktan wasanni na makarantar ku ba da kofi ɗaya a gasar da dama ake yi duk shekara tsakanin sassa, a ce na tseren miƙa sanda ko duk wanda marigayin ya fi so. Makaranta za ta yi gasarta ko kuna nan ko ba kwa nan. Naku kofi ne da 'yar kyauta da mutum ɗaya da zai je ya miƙa. Allo ma babu laifi idan hukumar makaranta ta yarda, sai dai a yi na dutse, domin iskar Legas mai gishiri ba ta barin ƙarfe.

Abin da na fi so ku yi yana cikin tambayarka. Ka ce yakan cika maka kuɗin mota. To yau ma akwai yaro a wannan makarantar da ke tasowa daga Agege ko Alaba Rago yana lissafin ko ya hau danfo zuwa atisaye ko ya ci abinci, kuma mutumin da ke cike wannan giɓin ya tafi. Ku tsaya a gurbinsa. Ku buɗe asusu, mutum uku su sa hannu, kada ya zama na mutum ɗaya komai amanarsa. Kowa ya riƙa zuba abin da ba zai gaji da shi ba duk wata. Ku rubuta a takarda ɗaya abin da kuɗin za su yi da abin da ba za su yi ba. Za su yi kuɗin mota, da takalmin gudu mai ƙusa, da bandeji da ƙanƙara, da hoton ƙashi idan yaro ya ji ciwo kafin kowa ya ja masa ƙafa, da abin buɗa-baki ga masu atisaye da azumi. Ba za su yi rancen biki ko jari ga 'yan ƙungiya ba, domin daga nan irin wannan asusu yake mutuwa, zumunci ya bi shi. Kocin da ke wurin yanzu shi zai kawo sunaye, ku kuma ku sa sharaɗi biyu: zuwa atisaye da cin jarrabawa. Duk wata uku a karanta wa kowa abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan abin ya kafu sai ku yi masa rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tare da amintattu, amma kada ku fara da wannan.

Kada ku manta da 'yan mata. 'Ya'yanmu mata da yawa suna da gudu a firamare, da zarar sun fara girma sai su bari, sau da yawa saboda sutura. Wannan matsalar ta ragu: an halatta rufe kai a ƙwallon ƙafa tun 2014, a ƙwallon kwando tun 2017, kuma mata sun yi tsere da dogon wando da lulluɓin kai har a Olamfik. Sayen irin wannan kayan ga yarinya ɗaya yana iya zama dalilin da mahaifinta zai amince.

Hadisin da kowa ya sani ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Asusun nan, idan kun yi shi da niyyar ladan ya kai gare shi, yana taɓa na farko; ku da kuke aiki da abin da ya koya muku kuna cikin na biyu. Dubi Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da aka fi sani da OBJ. Ujiri ya kai har ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019, amma tun 2003 yake shirya sansanonin horar da yara a Najeriya, daga baya ya shiga gina filaye a ƙasashen Afirka. Abin da aka yi masa yake yi wa wasu. Ba sai kuna da irin kuɗinsa ba. Wanda ke da Asabar ɗaya a wata ya je fili ya riƙe agogo, ya auna tsalle, ya ɗauki yara biyu a motarsa ya rage musu hanya, ya yi nasa.

Akwai kuma aikin da ba ya jira, wato tattara tarihinsa tun ana tunawa. Ku roƙi iyalinsa kada su zubar da littattafan atisayensa. Kowane kocin gudu yana da irinsu, tsofaffin littattafan rubutu da gumi ya jiƙa, an jera kwanan wata da sunaye, mita nawa sau nawa, hutun daƙiƙa nawa, a gefen shafi wani lokaci an rubuta cewa wane bai ci abinci ba, ko a duba gwiwar wane. Ku ɗauki hoton kowane shafi. Sannan kowannenku ya naɗi muryarsa a waya, da harshen da ya fi sakewa a ciki, Hausa ko Yarbanci ko Turanci. Kada a tambayi mutum yaya kocin yake. Zai ce mutumin kirki ne, magana ta ƙare. A tambaye shi me ya ce masa a bakin layi kafin a busa usur, wace rana ya fi ba shi haushi, me yake yi yau da ya samo daga gare shi. Ku haɗa da hotuna da sunan duk wanda ke cikinsu, a ba iyali kwafi, a ba ofishin wasanni na makaranta kwafi. 'Ya'yansa sun san shi a matsayin uban da ke fita kafin gari ya waye ya dawo a gajiye, kuma ku ne kaɗai za ku iya nuna musu inda ƙarfin nan ya tafi.

Waɗanda suka koma Arewa kada a ce sai sun zo Legas. Zubin wata da naɗar murya ana yin su daga Kano ko Gusau. A zamanku na gaba kada a tashi da "za mu duba", a fitar da suna a kan kowane aiki da ranar da zai kawo bayani. Mataimakin kocin kuma, da mai gadin da ke buɗe muku ƙofar fili da asuba, idan suna raye ku sa su cikin waɗanda za a fara kai wa ziyara da ɗan abin hannu. Su ma sun yi rashi, kuma a wurinsu za ku ji sunayen yaran da marigayin yake taimaka wa a 'yan shekarun nan, waɗanda ya kamata asusun ya fara da su.